Abin da Lukuman Ya Bari a Aljihu

Talata, 10 ga Yuni, 2008. Bayan Azahar.

Yau kwana ashirin da Alhamis ɗin da hatsarin mota ya ɗauke mijina. Na ɗauko ragowar littafin da nake kiran sunan ɗalibaina na Islamiyya, tunda mai takaba ba fita take ba, balle koyarwa. 'Yan gaisuwa sun ragu. Wadda ta shigo sai ta ce, "Badi'a, ya ƙarin haƙuri?" In ce da godiya, ita kuma idonta na kan cikina. Wata takwas ne, jama'a, ku huta da lissafi.

A nan dai zan rubuta sunansa, tunda bakina bai saba ba. Lukuman. Shekara biyu muna tare ban taɓa kiransa a gaban mutane ba. Lukuman, Lukuman.

Hajaratu ta zo daga Kabo, matar Zailani, abokinsa da suke lodin fasinja tare a tasha. Sai da ta bari Inna, mahaifiyarsa, ta tashi alwala, sannan ta cusa mini ƙullin hankici a ƙarƙashin cinya.

"In ji Zailani, a aljihun marigayi aka samu. Ya ce hannunki kaɗai. Cajar kuwa tana cikin motar, kin dai san..."

Na sani. Ban bari ta ƙarasa ba.

Empifo ɗinsa ce, 'yar na'urar nan ta jin waƙa da kallo. Ba ta cika tafin hannu ba, gilashin ya tsage ta gefe guda. Wayar kunnen tana naɗe yadda yake naɗe ta, zagaye uku ya soke bakin. Na farke ɗinkin matashi na tura ta cikin auduga. Duk faɗin Gwarzo in akwai gidan da bai kamata abin nan ya kwana ba, to gidan Baba Malam ne, surukina, kuma a cikinsa nake zaune.

Laraba, 11 ga Yuni. Hantsi.

Na danna, ta kawo haske. Wallahi saura kaɗan in jefar da ita. A saman gilashin akwai alamar batir, sanda uku cikin huɗu.

Waƙoƙi ne birjik, ban taɓa ko ɗaya ba. Sai na shiga wajen kallo, na tarar da wani guntu da ban san da shi ba. Tashar Kabo ce. Ga shi nan tsaye da bokiti yana wanke gilashin mota, da rigar nan mai ruwan ƙasa da na sha ce masa ta tsufa. Ya juyo ya ce, "Zailani, ka bari mana. Kai, ka bari!" Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito, ya watso ruwa, hoton ya karkace. Shi ke nan. Sakan arba'in da ɗaya.

Baba Malam bai yarda da hoto a gidansa ba. Ba mu ɗauka ranar aure ba. Na jikin lasisinsa ya tafi tare da motar. Ke nan duk duniya fuskar Lukuman a wuri ɗaya ta rage, cikin matashina. Abin da ke cikina zai zo wata rana ya tambaye ni kamannin ubansa, ni kuma ba zan tsaya ina kwatanta masa wushirya da baki ba. Sai ya gani da idonsa.

Na kalla sau uku. Na yi kuka har Inna ta leƙo ta ce in yi ta salati.

Alhamis, 12 ga Yuni.

Alhamis ce. Ba abin da zan rubuta.

Juma'a, 13 ga Yuni. Bayan La'asar.

Yaya Hambali, wan mijina, ya tsaya a bayan labule. Muka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi haƙuri, ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara murya.

"Malam ya ce a fara haɗa kayan mamaci. Ranar arba'in za a shimfiɗa su a gaban shaidu, rabo kuma sai kin sauka lafiya. Ko allura ce kada a bari. Haƙƙin magada ne, har da marayan da ke ciki."

Na ce to.

"Sai kuma wancan abin. Ba a gan shi a motar ba."

Na ce wane abu? Allah na tuba.

"Kin san shi. In yana wajen wani, ya ji tsoron Allah. Duk waƙar da aka kunna a ciki, shi mai abin ake rubuta wa. Yana kwance a kabarinsa ana ƙara masa kaya."

Ya ja takalminsa ya tafi. Shi dai Yaya Hambali ko sannu ya yi maka sai ka ji kamar sammaci ya kawo.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta ɗan sauka. Bayan Babbar Sallah kwamitin unguwa suka bi shago-shago da majalisa-majalisa suna karɓe irin waɗannan na'urori daga hannun samari, Baba Malam ne shugabansu. A satin nan dai Lukuman ya zauna a bayan sahu a zauren karatu, ya zura wayar ta cikin riga, ya rufe kunne da hirami. Baba Malam ya kira shi ya ja baƙi, har sau uku, bai ji ba, yana ta gyaɗa kai abinsa. Yaya Hambali ne ya fizge hiramin, a gaban iyayen waɗanda aka karɓe wa nasu. Lukuman ya tashi ya fice da ita a hannu. Baba Malam ya ce, "Wallahi duk ranar da abin nan ya shigo hannuna, da hannuna zan farfasa shi." Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar ɗansa ba. Wata biyar.

Kuma duk garin nan an san Baba Malam bai taɓa rantsuwa ya saɓa ba.

Asabar, 14 ga Yuni. Hantsi.

Ban kunna ba. Waƙa ya ce. Dariya ai ba waƙa ba ce. Ko ita ma ana rubutawa? Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane hukuncin alwala da azumi, ga ni da tambaya ba wanda zan iya yi wa.

Litinin, 16 ga Yuni. Bayan Azahar, gida ya kwanta.

Na kasa daurewa. Sau biyu. Saura sanda biyu.

Wuta rabonmu da ita tun kafin ruwan fari, ko an kawo ma da me zan sa? Inna na ta ƙorafin tsadar masara, miya ta koma kuka safe da yamma, ko manja sai an ɗiga. Kowa da abin da ke ƙare masa a gidan nan. Na kafa wa kaina doka, sau ɗaya a sati, ranar Juma'a kawai.

Laraba, 18 ga Yuni. Da walaha.

Rana ta buɗe bayan ruwan jiya. Inna ta shigo ta ce za ta shanya kayan shimfiɗa, ɗakin ya yi danshi. Kafin in yunƙura da wannan cikin har ta ɗauki matashin. Na ga hannunta ya tsaya. Ta matsa wurin da yatsa, ta sake matsawa. Ta dube ni, na dubi tabarma.

"Wannan bai yi danshi ba," ta ce. Ta ajiye shi, ta kwashi sauran.

Ta gane ko ba ta gane ba?

Juma'a, 20 ga Yuni. Bayan an sauko daga masallaci.

Hajaratu ta dawo, fuska ba annuri. Wai Yaya Hambali ya je har Kabo ya titsiye Zailani a tasha, a gaban direbobi. Zailani ya ce bai ga komai ba.

"Kin ga mijina ya yi ƙarya saboda ke. In abin nan ya fito, da wane ido zai dubi Malam? Ki jefa shi masai, Badi'a, kowa ya huta."

Na ce ta dai taimaka ta kai mini wajen Hammadu mai caji a can Kabo, ya cika ta, ya goge waƙoƙin.

"Tabɗi! Hammadun da aka kwashe wa kwamfuta wancan watan, da ƙyar ya karɓo? Yana ganinta zai gane ta, ai shi ya zuba waƙoƙin. Kafin La'asar labari ya iso zauren nan."

Na ce to a bar ta inda take. Ta ce ni dai taurin kaina tun muna 'yan mata yake. Na ce ita kuma tsoronta tare muka girma da shi. Muka rabu ba daɗi, har ta manta kwanon da ta kawo mini dambu a ciki.

Na kalli na yau. Na riƙe numfashi daga farko har ƙarshe, wai ko batirin zai ji tausayina.

Lahadi, 22 ga Yuni. Hantsi.

Na karya dokata. Kuma yatsana ya zame, na faɗa wani wuri mai alamar makirufo, inda ake ɗaukar murya. Abu uku ne a ciki. Na danna na farko.

Muryarsa ce, ba dariya. Ana jiyo 'yan kamasho daga nesa suna kiran Kano, Kano.

"Salamu alaikum, Baba, barka da hutawa. Baba, na zo ne..." Sai ya yi tsaki, ya yanke.

Na biyu. "Allah ya gafarta Malam, ni ne..." Sai ya ce, "Kai, Lukuman, kai ma dai." Ya yanke.

Na ukun ya fi tsawo. Zan rubuta shi yadda na ji, don ban san ko zan ƙara ji ba.

"Baba, na yi laifi. Abin da ya fi ƙona mini rai kunyar da na ba ka a gaban mutane. Wata biyar ina gaishe ka kana kau da kai, ban ga laifinka ba ko sau ɗaya, wallahi ban gani ba. Ga shi na kawo da hannuna, ka yi yadda ka rantse. Ka yafe mini kafin Badi'a ta sauka, ina so kai za ka yi wa abin da aka haifa huɗuba." Ya ja numfashi. "To. Haka zan ce. Gobe Juma'a in an sauko."

Gobe Juma'a.

Ashe ranar Alhamis ɗin nan ya ɗauka. Ya zauna a mota yana gwada bakinsa kamar mai shirin ba da hadda, mutumin da ko ni bai iya ba haƙuri ba, sai dai ya sayo tsire ya ajiye mini ya fice.

Saura sanda ɗaya.

Litinin, 23 ga Yuni.

Da ma ban ji ba.

Talata, 24 ga Yuni. Bayan La'asar.

Inna ta zauna a ƙofar ɗakina tana tsintar wake, tana magana ba ta dube ni ba. Tuwon Baba Malam yadda aka kai shi haka yake dawowa. Karatun zaure ya tsaya, an ce wa mutane idonsa ke ciwo.

"Ba ido ba ne," in ji Inna. "Ranar nan da safe yaron ya durƙusa a ƙofar zaure ya gaishe shi. Ya ji shi sarai, ya ci gaba da jan carbinsa. Yanzu maganar ke nan safe da yamma. Wai shi ya yafe masa tun a maƙabarta, to shi kuma wa zai yafe masa? Wai yaron ya tafi yana jin haushin ubansa."

Na ce, "Inna, ba ya jin haushinsa."

Ta ɗago. "Ke ya gaya wa?"

Na ce a'a, na dai san halinsa. Ƙarya ta biyu ke nan a cikin takabata.

Alhamis, 26 ga Yuni. Azahar.

Amsar tana cikin matashina, tsohon yana can yana ramewa. In na faɗa da baki, za a ce a ina na ji. In na miƙa, ya rantse. In na yi shiru, ɗana zai ga ubansa, in batirin bai mutu murus ba, in ba a bincika ɗakin ba, in, in, in.

Shi mai abin ma cewa ya yi zai kai. To ai bai san ita kaɗai za ta rage ba! Da ya sani da bai ce ba. Ko kuwa da ya ce?

Lukuman, ka bar ni da aiki. Ubanka ba ka ji haushinsa ba, ni kam yau ina jin naka, in ana rubutawa a rubuta.

Asabar, 28 ga Yuni. Hantsi.

An fitar da kayansa tsakar gida. Riguna, huluna, buta, agogon nan da ba ya tafiya, takalma. Yaya Hambali daga bayan labule ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ce, "To, jibi a gaban shaidu za a sake tambayarki, ki amsa da bakinki."

Bayan ya fita sai ga Baba Malam ya shigo zai wuce ɗakinsa. Rabon da in gan shi tun sadakar bakwai. Rigar ta yi masa yawa. Ya zo daidai tabarmar ya tsaya. Takalmin Lukuman ƙafa ɗaya ta kife. Ya sunkuya da ƙyar, ya juya ta, ya jera su gefe da gefe, bakinsu na kallon ƙofa, yadda ake yi wa baƙon da zai fita. Bai san ina leƙe ba.

Na ciro ta don in yi kallon ƙarshe. Alamar ta koma ja, tana ƙiftawa. Ko fuskar ko muryar, ba za ta kai duka biyu ba. Na kashe ban kalla ba.

Lahadi, 29 ga Yuni. Bayan Azahar.

Na yi.

Na ce, "Inna, ki raka ni wajen Baba." Ba ni ta duba ba, matashin ta duba. Ta tashi ta yafa mayafi.

Na durƙusa a bayan ƙyauren ɗakinsa. Tun da aka kawo ni gidan nan, bayan gaisuwa ban taɓa haɗa kalma biyar da shi ba. Na saita ta a kan murya ta uku, na ba Inna, na nuna mata inda za ta danna. Ta shiga da ita.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na ɓoye abu, kuma na yi ƙarya. Ga shi nan. Abu ɗaya nake roƙo, a saurara kafin a fasa."

Ina jin kaza na tonon ƙasa a bayana.

"Wa ya shigo da shi gidana?"

"Ni na karɓa, Baba. Laifin nawa ne."

"Kin san na rantse?"

"Na sani."

"Waƙa za ku sa mini a kunne, da furfurata?"

"Ba waƙa ba ce, Baba. Saƙo ne, kuma naka ne. Ranar Alhamis ɗin aka yi shi."

Inna ce ta sa masa wayar a kunne. Ɗaya ta faɗo, ta mayar. Ta tsagar ƙyaure ƙafarsa kawai nake gani da hannun da ke jan carbi. Carbin ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai ya tsaya. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ba kuka ba, ba tari ba, ban taɓa jin irinsa a bakin babban mutum ba. Ya ce, "A sake."

Inna ta danna, ta sake dannawa. Ta ce, "Malam, ta yi baƙi."

Sannan ya ce, "Akwai wani abu kuma a ciki?"

Na ce, "Akwai waƙoƙi. Akwai fuskarsa yana dariya. Ita kaɗai ta rage, Baba, babu wata."

Ya ce, "Tashi ki je." Na ga hannunsa ya zura ta a aljihu.

Litinin, 30 ga Yuni. Bayan La'asar.

Arba'in. An yi addu'a, an raba gumba, an shimfiɗa kayan. Ba wanda ya tambaye ni komai. Inna ta ce Yaya Hambali ya fara tayar da maganar wancan abin, Baba Malam ya ce, "Yana hannuna." Ba wanda ya ƙara tofawa.

Yana hannunsa. To, an gama ke nan.

Duk abin da ya faɗi a gidan nan yau, ko murfin tukunya ne, sai in ce ita ake fasawa. Matashin ya yi laushi, na kasa ɗora kai. Tun safe nake so in tuna ta wane gefe ya juyo da bokitin, hagu ko dama, na kasa. Kwana ɗaya tak, har na fara rasa shi.

Ɗan nan ya yi ta motsi. Na ce masa ya yi haƙuri, uwarsa ta ba da abinsa.

Talata, 1 ga Yuli. Hantsi.

Na ji ana buga abu a tsakar gida, dum, dum. Na toshe kunne na kifa kai a gwiwa. Da abin ya ƙi ƙarewa na leƙa, ashe turmi ne, Inna ta sa ana surfa gero. Na ce, "Inna, sadaka ai jiya aka gama." Ta jera kwanuka a tabarma tana aunawa a ciki. Na ƙirga daga bakin ƙofa. Goma.

Baba Malam kuwa tun bayan Asuba ya fita shi kaɗai, bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Goma. Ni da bakina nake koya wa 'yan aji uku, wanda ya rantse sannan ya ga barin abin ya fi alheri, sai ya ciyar da miskinai goma, kaffararsa ke nan. Ba zan sa rai ba. Ba zan sa rai ba.

Talata dai. La'asar sakaliya.

Inna ta shigo da ƙullin hankici, ta ajiye a kan cinyata.

"Kabo ya je," ta ce. "Ya zauna a bencin Hammadu mai caji tun hantsi har Azahar, masu wucewa na waiwaye, wai Malam guda a shagon waƙa. Ya sa an goge waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Zailani ne ya dawo da shi a mota. Malam ya ce a gaya miki, wannan a kason abin da za ki haifa za a sa shi, ki adana masa. Ga cajar nan ma ya sayo."

Na danna. Sanda huɗu.

Waƙa babu ko ɗaya, har da wadda yake rera mini in yana son tsokanata. Wannan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Muryoyin nan uku suna nan. Guntun tashar Kabo yana nan.

Na ce, "Inna, Baba ya kalla?"

"Ya ce shi ba zai kalla ba. Muryar ta ishe shi."

Ban ga ta tashi ba. Ta gyara zama a bakin gado, ta goge idonta da gefen mayafi yadda take yi in za ta zura zare a allura.

"Sakaya ƙofar," ta ce. "Ni ban rantse ba. Nuna mini ɗana."